Da me ake nufi in an ce “an rubuta a faifai”?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin sito a babbar kasuwar Maradi lokacin kaka ya san cewa kalmar “an ajiye” ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Ɗan dako yakan ce ya ajiye buhu da zarar ya sauke shi daga kansa a ƙofar sito, yaron shago ba ya cewa an ajiye sai ya ja shi ciki ya jera bisa sauran, shi kuwa Alhaji mai kaya ba ya lissafa buhun cikin dukiyarsa sai an shigar da shi littafi an garƙame ƙofa da kwaɗo. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma in hadari ya taso tsakanin maganar ɗan dako da ta Alhaji, geron da ke waje shi ne zai jiƙe. Irin wannan ruɗani ne ke bibiyar masu rubuta babbar manhajar kwamfuta a can ƙasa, inda take magana kai tsaye da faifan ajiya, kuma a kansa nake son in tsaya.

Gaɓoɓi biyu na manhajar ne zan yi magana a kansu (gaɓa ɗan yanki ne na kod, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, mai aiki guda da ake kira da sunansa), wato gaɓar da ke karanto bulo, ƙunshin bayanai mai ƙayyadadden girma, daga faifai da gaɓar da ke rubuta shi, tare da ƴan layukan bayani da ake sa wa a bisa kowace. A ganina nauyin da ke kan waɗannan layuka ya fi na kod ɗin da ke ƙarƙashinsu, domin kod yana nuna abin da gaɓar ke yi ne a ranar da komai ke tafiya lafiya, alhali bayanin ne kaɗai ke iya faɗin alkawarin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba.

Faifan ajiya, ko mai juyawa ne irin na da, ko SSD, ko katin memori na waya, ɗan sari ne, ba ya awo da tiya. Mafi ƙarancin abin da yake karɓa ko ya bayar shi ne sakta guda, wadda shekaru da dama girmanta bayit 512 ne (bayit ɗaya kimanin harafi ɗaya ne). Wanda ke son canza harafi ɗaya tak a cikin fayil dole ne ya ɗauko saktar ɗungurungum zuwa ƙwaƙwalwar aiki, ya gyara harafin a can, sa'an nan ya mayar da ita ɗungurungum. Saboda haka ne a Unix, babbar manhajar da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, aka raba na'urori gida biyu: masu kwararo da bayanai harafi bayan harafi, irin su madannai, da masu aiki bulo-bulo, irin su faifai, kowane gida da teburinsa, ɗaya cdevsw ɗaya bdevsw. A fitowa ta shida ta Unix, ta 1975, gaɓoɓin suna cikin wani fayil mai suna bio.c, kuma sunayensu bread da bwrite. Mai ɗan jin Turanci kada ya ɗauka burodi ake nufi da na farkon, harafin b na bulo ne aka manna wa kalmar karatu. Sunayen nan sun rayu har yau a manhajoji da dama da suka gaji Unix.

In aka dubi gaɓar daga waje, babu abin da ya kai ta sauƙi. Abubuwa huɗu ake miƙa mata: wace na'ura, daga wace lamba za a fara, guda nawa ake so, da mazubin da za a zuba abin da aka karanto ko a ɗebo abin da za a rubuta. Ban da na farkon, kowane ɗaya cikin sauran ukun yana da ramin da ya taɓa cin mutane, kuma ramin lamba shi ne wanda na gani da idona.

Wani ɗalibi ɗan unguwarmu, mai sha'awar haɗa ƙananan na'urori a ɗakinsa, ya kawo mini wata ƴar na'ura da ya yi domin ta riƙa rubuta yawan ruwan da famfo mai aiki da hasken rana ke ja a wani lambu a bakin Gulbi. Ta yi watanni tana aiki lafiya da wani tsohon kati mai gigabayit 2. Da katin ya mutu sai ya sayo sabo mai gigabayit 8, na'urar kuwa ta ƙi ganin tsarin fayilolin da ke kansa sam. Ya ce mini, “Malam, wallahi katin nan jabu ne, domin na karanta bulo na sifili ya fito daidai, amma daga nan duk shara yake ba ni.” Na ce masa ya buɗe kod ɗin mu gani. Gaɓar karatun, wadda ya kwaso daga intanet, ba ta da ko layi ɗaya na bayani a bisanta, a cikinta kuma akwai wani wuri da ake ninka lambar bulo sau 512 kafin a aika wa kati. A nan gizo ke saƙar. Katunan SD na farko, masu gigabayit 2 zuwa ƙasa, suna jiran a gaya musu adireshi da lissafin bayit, shi ya sa ake ninkawa. Katunan SDHC da SDXC da suka biyo baya kuwa lambar bulo suke jira kai tsaye, ko da yake umarnin bai canza suna ba, CMD17 ne na karatu, CMD24 na rubutu. Sifili in an ninka shi sau 512 sifili ne, don haka gwajin farko ya wuce lami lafiya ya yaudari yaron. Sashen fayilolin sabon katin yana farawa ne a bulo na 8192, na'urarsa kuwa tana can tana laluben bulo na 4,194,304. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da a ce da gaɓar rubutu ya fara, da ta rubuta ba tare da ƙorafi ba, ta kuma karanto abin da ta rubuta daidai, domin kuskure ɗaya take yi a tafiya da dawowa, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya sa katin a kwamfuta ya tarar ta tattake hotunan mutane. Jimla ɗaya ce ta ɓata a bisa gaɓar, mai cewa lambar da ake miƙo mata ta bulo ce, kuma ninkawar ta dace da tsofaffin katuna ne kawai.

Wannan cuta ta awo tsohuwa ce. A kwamfutocin IBM PC da magadansu, ana kiran BIOS, ɗan shirin da ke cikin kwamfutar tun daga masana'anta, da umarnin INT 13h domin karanta faifai, a ba shi lambobi uku masu nuna wuri a jikin faifan: ta silinda, da ta kai (wato kan da ke karanta faifan), da ta sakta. Silinda da kai daga sifili ake ƙirga su, sakta kuwa daga ɗaya, kuma kusan duk wanda ya taɓa rubuta ɗan shirin tayar da kwamfuta ya yi tuntuɓe a wannan wuri sau ɗaya. Haɗuwar iyakokin BIOS da na faifan ATA (ATA ƙa'ida ce ta yadda kwamfuta ke magana da faifai), wato silinda 1024 da kai 16 da sakta 63, ita ta haifar da shingen nan na megabayit 528 da ya addabi mutane a shekarun 1990. Da aka koma ƙirga saktoci a jere daga sifili, lambar mai bit 28 (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1) ta sake cin karo da bango a gigabayit 137, sai da ATA-6 ya kawo mai bit 48. Kowane ɗaya daga waɗannan shingaye ya samo asali ne daga faɗin gurbin da aka tanadar wa lamba, kuma gaɓar da ba ta faɗi iyakar lambar da take iya ɗauka ba takan yanke kan lambar a ɓoye ta je ta rubuta a wani wuri dabam.

Adadi ma yana da nasa. Mai hankali zai ɗauka in ka ce a karanto maka sakta sifili, to ba a karanto komai ba ke nan. A umarnin ATA mai bit 28, sifili a gurbin adadi yana nufin sakta 256, a mai bit 48 kuma yana nufin 65,536. A SCSI, wata ƙa'idar irin ATA, umarnin karatu mai bayit 6 yana ɗaukar sifili a matsayin 256, ɗan'uwansa mai bayit 10 kuwa yana ɗaukarsa a matsayin babu. A NVMe, na faifan SSD, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 2011, ana ƙirga adadin ne daga sifili, saboda haka sifili yana nufin bulo ɗaya. Lamba guda ke nan da ma'anoni huɗu, ya danganta da ƙofar da ta shiga. Direba, wato ɓangaren manhaja mai magana da na'ura, in ya miƙa sifili ga faifan ATA yana tsammanin ba abin da zai faru, faifan zai taso masa da kilobayit 128 na bayanai, mazubin kuwa wataƙila na sakta ɗaya aka tanada, ragowar sai ta malale bisa duk abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwa.

Kalmar bulo kanta ba ta tsira ba. Wajen 2010 da 2011 masu ƙera faifai suka koma sakta mai bayit 4096, amma yawancinsu suka ci gaba da nuna wa kwamfuta fuskar 512 domin kada tsofaffin manhajoji su rikice. Irin wannan faifai in aka ba shi bayit 512 ya rubuta, a ciki sai ya karanto 4096 ya gyara ya mayar, kuma in farkon sashe bai daidaita da iyakar babbar saktar ba, rubutu ɗaya yakan taɓa biyu, aiki ya yi nauyi ba tare da an ga dalili ba. Linux, wanda ya bi tafarkin Unix, ya warware nasa ɓangaren da doka ɗaya: a cikin zuciyarsa, lambar sakta kullum da awon 512 take, ko da wane irin faifai ne a ƙasa. Tsarin fayiloli kuma yana da nasa bulon, wanda a ext4, wani tsarin fayiloli na Linux, yawanci 4096 ne. Awo uku ke nan suke yawo da suna kusan ɗaya, kuma bayanin da ya ce “lambar bulo” ya yi shiru bai faɗi wanne ba, daidai yake da ɗan kasuwar da ya ce maka “goma” bai ce tiya ko buhu ba.

Maganar mazubi ta fi wannan zurfi, domin ta mallaka ce. Idan na miƙa wa gaɓar rubutu mazubina ta dawo mini, shin na sami ikon sake zuba wani abu a ciki, ko na'urar na nan tana ɗiba? A faifan zamani na'urar ce da kanta ke shiga ƙwaƙwalwa ta kwashi bayanai ba tare da ta bi ta hannun mai sarrafawa ba, abin da ake kira DMA, kuma tana iya yin haka bayan gaɓar ta daɗe da dawowa. Wanda ya taɓa mazubin a wannan tsakani zai sa a rubuta rabin tsohon abu da rabin sabo, kuma kuskuren ba ya fitowa kullum, sai ranar da na'urar ta ɗan yi jinkiri. Mafi kyawun misalin bayani da na sani a wannan fanni yana cikin xv6, ƙaramar manhajar koyarwa da aka rubuta a MIT a 2006 bisa tafarkin Unix na shida. A farkon fayil ɗinta na bio.c akwai ƴan layuka da ke cewa a kira bread domin samun mazubin wani bulo, a kira bwrite bayan an canza abin da ke ciki, a kira brelse in an gama, kada a sake taɓa mazubin bayan an sake shi, kuma tun da aiki ɗaya ne kaɗai ke iya riƙe mazubi a lokaci guda, kada a riƙe shi fiye da buƙata. Babu ko kalma ɗaya a wurin game da yadda aka jera mazuban a ciki, duk maganar kan haƙƙin mai kira ce da haƙƙin wanda aka kira. A bisa bwrite kuma an rubuta cewa dole mazubin ya kasance a kulle kafin a kira ta, kod ɗin kuma yana duba hakan, in ba a kulle yake ba ya tsayar da manhajar gaba ɗaya. Wannan haɗi na bayani da bincike shi ne na fi yarda da shi, domin bayanin da kod ke tsaronsa ba ya ruɓewa a ɓoye.

Kusa da wannan akwai tambayar ko gaɓar tana iya yin barci, wato ta ajiye aikin da ya kira ta a gefe har faifai ya amsa. Wanda ya kira irin wannan gaɓa daga cikin mai amsa ƙararrawar na'ura (gaɓar da ke tashi nan take in na'ura ta nemi a kula ta), ko yana riƙe da makullin da ba a barci da shi, zai iya sandarar da kwamfuta ɗungum. Shi ya sa tsarin bayanin da ake bi a zuciyar Linux, wanda ake kira kernel-doc, ya ware wuri na musamman domin faɗin yanayin da ya halatta a kira gaɓa da makullan da take ɗauka ko take jira a riƙe mata, ban da wurin faɗin abin da take mayarwa.

Sai mu koma ga buhun Alhaji, domin a nan ne asara ta fi yawa. Tun a Unix na shida marubutansa sun gane cewa rubutu ba iri ɗaya ba ne, suka ba kowane iri sunansa. Gaɓar bwrite tana aika bulo ta jira faifai ya amsa, bawrite tana aikawa ta wuce ba ta jira ba, bdwrite kuwa ba ta aika komai, alama kawai take sa wa mazubin cewa an taɓa shi, a bar shi sai wani lokaci. Akwai kuma wani ɗan shiri da ke tashi duk daƙiƙa 30 ya sa a juye duk abin da ya taru zuwa faifai. Dalilin jinkirin a fili yake: faifai mai juyawa yana ɗaukar dubban ninkin lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka, kuma bulon da aka taɓa yanzu mai yiwuwa ne a sake taɓa shi nan da ƙiftawar ido, don haka gara a tara a kai gaba ɗaya. A wancan zamani in faifai ya ce ya gama, to ya gama. Daga baya sai faifan da kansa ya sami zaure, wato ƴar ƙwaƙwalwa ta wucin gadi da ke cikinsa, inda yake sauke abin da aka aiko masa ya ce an rubuta tun kafin ya kai shi ɗaki, abin da ke zauren nan kuwa yana tafiya da wuta in ta tafi. Don haka aka ƙirƙiro umarnin da ke tilasta masa kwashe zauren, FLUSH CACHE a ATA, da alamar FUA a SCSI da NVMe, wadda ke cewa wannan rubutun kada a amsa shi sai ya zauna a wurin da ba ya gogewa. A Linux ana neman waɗannan biyun da alamomin REQ_PREFLUSH da REQ_FUA.

Ga kuma batun jeri. Babbar manhaja da faifai duka suna da ikon sauya tsarin rubuce-rubucen da aka ba su domin rage zirga-zirga, don haka wanda aka aika daga baya yana iya riga na farko sauka. Tsarin fayiloli mai littafin ajiya, inda ake fara rubuta canji kafin a aiwatar da shi, irin ext4, ya dogara ne kacokan ga cewa shaidar kammalawa ba za ta sauka ba sai bayan abin da take wa shaida ya sauka. In gaɓar rubutu ba ta faɗi a fili cewa ba ta lamunce jeri ba, wanda ke sama zai ɗauka ta lamunce, kuma a teburin gwaji ba zai taɓa ganin bambanci ba. Haka nan rubutun da ya haɗa sakta takwas, in wuta ta ɗauke a tsakiya, ana iya tarar da uku sababbi biyar tsofaffi. Bayani na gari yakan faɗi mafi girman abin da gaɓar ta tabbatar zai sauka gaba ɗaya ko kada ya sauka sam, ko kuma ya faɗi gaskiya cewa ba ta tabbatar da komai ba.

A ƙasashen da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba, ana iya ɗaukar wannan a matsayin matsalar da ba kasafai take aukuwa ba. A Maradi kuwa, inda babban layin wutarmu daga Katsina yake shigowa, kuma kowa yana tune da yadda aka kwana bayan da Najeriya ta yanke shi a watan Agusta na 2023, ɗaukewar kuran a tsakiyar rubutu abu ne na yau da gobe. Ma'aikacin asibiti ko na kantin magani da ke shigar da lissafi a kwamfutar tebur marar batir yana gwada alkawarin gaɓar rubutu sau da yawa a mako ba tare da ya sani ba. A lokacin zafi, sa'ad da wuta ke zuwa tana komawa, manhajar da aka gina bisa zaton cewa “an rubuta” yana nufin an garƙame ƙofa takan nuna halinta da wuri.

Kada a ɗauka ƙananan masu koyo kaɗai abin ke kamawa. A farkon 2009, lokacin da mutane suka fara komawa ext4, sai aka yi ta samun fayilolin da suka koma fanko bayan kwamfuta ta mutu ba shiri. Manhajoji da yawa sun saba rubuta sabon fayil sa'an nan su canza masa suna ya maye gurbin tsohon, ba tare da sun kira fsync ba, wato umarnin da ke cewa a tabbatar abin ya sauka. A ext3, magabacin ext4, wannan ɗabi'a ba ta cika cutarwa ba saboda yadda yake jera rubutunsa, ext4 kuwa yana jinkirta ware wa fayil wuri, don haka sabon suna yakan sauka tun abin da ke ciki bai sauka ba. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya nuna cewa ƙa'idar POSIX, wadda manhajoji irin Unix ke bi, ba ta taɓa yin wannan alkawari ba, kuma da gaskiyarsa. Masu manhajoji suka ce shekara da shekaru haka abin ke aiki, su ma da tasu gaskiyar. A ƙarshe dai a Linux 2.6.30 aka sa ext4 ya riƙa gane wannan salo ya juye bayanan kafin canjin suna. Abin da na ɗauka daga wannan rikici shi ne, halin da ba a rubuta matsayinsa ba, in ya daɗe, mutane sukan mayar da shi alkawari, kuma mai gaɓa ba ya iya janye shi daga baya ko da takarda na bayansa.

Na 2018 ya fi wannan ɗaure kai. Masu PostgreSQL, ɗaya daga manyan rumbunan bayanai na duniya, sun shekara da shekaru suna zaton cewa in fsync ya dawo da kuskure, ana iya sake kiransa, in ya yi nasara a karo na biyu to bayanan sun sauka. Sai aka gano cewa a Linux, bayan rubutu ya gaza, ana iya ɗaukar shafukan ƙwaƙwalwar da ke riƙe da bayanan a matsayin masu tsabta, wato tamkar an riga an rubuta su, a ba da rahoton kuskuren sau ɗaya, kira na biyu kuma ya dawo da nasara alhali ba a rubuta komai ba. Da aka bincika sauran manyan manhajoji sai aka tarar ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Maganin da PostgreSQL ya ɗauka shi ne ya tsaya cak da zarar fsync ya gaza, ya sake gina halinsa daga littafin ajiyarsa. Ƙwararru ne a ɓangarorin biyu, kuma abin da ya shiga tsakaninsu bai wuce tambaya ɗaya da bayani bai amsa ba: bayan kuskure, a wane hali aka bar bayanan? Yawancin bayanan da nake gani suna lissafa lambobin kuskure ne su tsaya, ba sa faɗin ko rabin saktocin sun sauka, ko mazubin karatu ya cika da shara, ko gaɓar ta riga ta sake gwadawa da kanta sau nawa, ko akwai amfani mai kira ya sake.

Akwai iyakar da bayani ba ya iya wucewa, kuma zargin ɗalibin nan bai taso a banza ba. Katunan memori na jabu suna yawo a kasuwanninmu, masu cewa gigabayit 64 gare su alhali abin da ke ciki bai kai kusa ba. Irinsu suna karɓar kowane rubutu su amsa da nasara, sa'an nan su zubar da shi ko su tattake na baya. Babu gaɓar da ke iya gane wannan sai ta karanto abin da ta rubuta bayan an cika katin, wanda shi ne aikin manhajojin gwaji irin su H2testw da f3. Abin da bayani ke iya yi a nan shi ne ya faɗi cewa nasarar da gaɓar ke mayarwa maganar na'ura ce aka isar, ba a tantance ta ba.

Na san hujjar masu cewa kod mai kyau ba ya buƙatar bayani, kuma bayani yakan tsufa ya zama ƙarya yayin da kod ke canzawa. Rabin maganar gaskiya ne. Layin da ke cewa “a nan muna ƙara ɗaya” a bisa wurin da ake ƙara ɗaya ɓata tawada ne, kuma bayanin da ya bi kod taki bayan taki shi ne ke fara ruɓewa. Amma kod ba ya iya nuna abin da ba a yi ba da gangan. Ba ya iya cewa an bar jeri a sake ne domin sauri, ko cewa jinkirin nanosakan 400 da ake yi bayan zaɓen faifan ATA ƙa'idar na'urar ce ta buƙace shi kafin a yarda da abin da rajistar hali ke nunawa, don haka kada wani mai son gyara ya zo ya share shi. Kuma gaɓar bulo tana da masu kira da yawa da direbobi da yawa a ƙarƙashinta, wanda ya karanta kod ɗin direba ɗaya ya san halin wannan ɗayan ne kawai, bai san abin da aka wajabta wa dukansu ba.

Akwai wani nauyi na daban a kan ɗalibanmu na nan. Da Faransanci suka yi lakkwal, takardun ƙa'idar na'urori da Turanci suke, tunani da gardama kuwa da Hausa ake yinsu. Ni ban damu da harshen da aka rubuta bayanin ba muddin waɗanda za su gaji kod ɗin suna jinsa, amma na lura cewa wanda ya kasa faɗin alkawarin gaɓarsa da Hausa a fili, yawanci kwafo kalmomin ya yi bai fahimce su ba. Don haka na sa yaron nan ya fara faɗa mini da baki kafin ya rubuta. Abin da ya fito da shi a bisa gaɓar rubutunsa bai wuce layi bakwai ba: lambar ta bulo ce mai bayit 512, daga sifili ake ƙirgawa, gaɓar ce ke ninkawa in ta ga tsohon kati, kuma tana gane irin katin ne daga amsar CMD58 lokacin tayarwa, adadin sifili kuskure ne, ba a aika shi ga kati, mazubin na mai kira ne, yana iya taɓa shi da zarar ta dawo, ba ta dawowa sai katin ya daina nuna alamar yana cikin aiki, in ta dawo da kuskure, a ɗauka bulon ya lalace, ba tsoho ba ne ba sabo ba, kada a kira ta daga cikin mai amsa ƙararrawa.

Da ya kai layin jiran kati sai ya tsaya, ya koma cikin kod ɗin ya duba, ya ce, “Malam, ai ba ta jira.” Gaɓar tana dawowa ne da zarar katin ya ce ya karɓi bayanan, tun yana tsakiyar shigar da su, kuma na'urarsa tana kashe wa katin wuta nan take domin tattalin batir. Ya ƙara madaukin da ke jiran katin ya saki layin amsa, ya sa masa iyakar lokaci domin kada mataccen kati ya riƙe na'urar har abada, ya rubuta iyakar a cikin bayanin. Sa'an nan ya zauna da yamma yana cire batir a tsakiyar rubutu yana mayarwa, yana duba ko abin da ya tarar a katin ya saɓa wa ɗaya daga layukan bakwai.